Barba Lovre, Nawa Ka Busa?

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, 1978, da hantsi, Allah ya yi wa Lovre Matulina rasuwa a asibitin birnin Split, yana da shekara tamanin. Wanda ya ba da ran ya karɓi abinsa. 'Yarsa tilo, Vinka, ita ta bugo gidan waya na tsibirinmu Kaprina ta ce a kira mata ni. Da na ɗauka ba ta yi kuka ba. Ta faɗi labarin, sannan ta roƙe ni in rubuta wani abu a kan babanta don takardar coci, wadda ake aika wa 'yan tsibirinmu na ƙetare. Na ce mata ta nemi wani. Ta kira ni Teta, wato inna, ta ce, "Teta Perina, wa zan nema? Ke kaɗai ce ba ki taɓa tofar da yawu a ƙofarmu ba."

Ga ni na zauna, Barba, kamar yadda muke kiran dattijon jirgi don girmamawa, kwana tara ke nan, kuma ni da na yi shekara talatin da biyar ina rubuta wa mutanen garin nan wasiƙunsu, ta neman aure da ta faɗa da ta sanar da mutuwa, na rasa ta inda zan fara taka. Ban san ko yabonka zan yi ba, ko yafe maka, ko kuwa ni ce ya kamata in durƙusa. Shekara talatin da shida ana cewa kai ka miƙa mazan tsibirin nan goma sha tara ga sojojin mamaya, har da mijina Jerko. Akwai abin da na sani wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Wataƙila ya wanke ka, wataƙila bai wanke ka ba. Ni kaina ban sani ba, kuma wannan rashin sanin ne ya hana ni barci tun ina da ƙuruciyata.

Bari in fara da jirgin, tunda ba a iya zancenka ba tare da shi ba. Perunika sunanta a takarda, amma a bakinmu Gwaggo ce. An ƙera ta a 1908, fara fat, da baƙin bututun hayaƙi mai zobe ja. Sau biyu a mako take fitowa daga Split ta bi tsibirai shida, mu ne na biyar. Ta ɗauki gangunan ruwan inabi da man zaitun, ta ɗauki amare da 'yan makaranta da masu tafiya ƙetare waɗanda ba su sake dawowa ba. A gaba, inda rana ke bugawa, nan mata ke zama da kwandunan kaji da busasshen ɓaure, suna gulmar duk wanda bai shigo jirgin ba. Kai ka kama sitiyarinta a 1921. Kyaftin uku suka zo suka wuce a kanka, kowannensu yana ba da umarni, kai kana yin abin da ka ga ya dace, jirgi yana isa lafiya, su suna karɓar yabon.

Alherinka a shekarun nan kowa ya sani, ko da yake an daina faɗa. Kai kake sayo wa tsofaffi magani a birni, ka rubuta sunan kowa a jikin kwalbarsa da rubutunka mai kama da sawun kaza. Ranar da naƙuda ta kama matar Bepo a tsakiyar teku, kai ka ce wa kyaftin sitiyari ya ƙi juyawa, kuka koma inda likita yake, fasinja hamsin suka yi latti, ba wanda ya buɗe baki. Jakin Fada Šime da ya ƙi a ɗaura masa igiyar ɗagawa, kai ka cire rigarka ka rufe masa fuska, kana yi masa magana a kunne har aka sauke shi cikin kwalekwale. Fada ya tambaye ka me ka gaya masa, ka ce huɗubar Lahadin da ta wuce ka maimaita masa, nan take ya yi barci. Ni ma ka yi mini. Shekarar da uwata ta kwanta, duk Juma'a sai ka kawo mata lemo daga kasuwa, ka ce wani fasinja ne ya manta da shi. Fasinjan nan ya yi wata bakwai yana mantuwa.

Yaran yanzu da suka tashi suka ga jirgi yana jingina da gaɓar siminti ba su san yadda muke yi da ba. Bakin ruwanmu ba shi da zurfi, don haka Gwaggo takan tsaya a bayan dutsen da ya shiga cikin teku, wanda muke kira Hancin Kaka, inda ba a ganinta daga gari, ta busa jiniya. Ɗaya, wucewa take, ba ta da komai namu. Biyu, akwai wasiƙu da kaya da fasinja, maza su fito da kwalekwale. Uku, gawar ɗan tsibiri ce aka dawo da ita gida. In aka busa uku, kwalekwale ɗaya ne ke fita, na tsohon mai kula da coci. Sauran maza duka, kowa ya ajiye abin da yake yi ya ɗauki diga ya hau tudun maƙabarta, domin ƙasarmu dutse ce, kabari ɗaya sai gari ya taru. Daga kan tudun nan kuwa ana ganin teku duka, har bayan Hancin.

Matsalar ita ce dutsen yana amsawa. Busar ƙarshe takan daki Hancin Kaka ta dawo, sai ka ji kamar an ƙara ɗaya. Mutanen da ke ƙasa a bakin ruwa ba sa jin komai sai hayaniya a cakuɗe. A ƙofar gidan waya kaɗai, a saman matakala, ake jin ta dalla-dalla, shi ya sa ƙirgar take aikin mai gidan waya. In biyu ce, sai ya kaɗa ƙaramar ƙararrawarsa da sauri. In uku ce, ya aika coci a buga babbar a hankali. Babana ya riƙe aikin kafin ni, kuma abin da ya koya mini bai wuce magana biyu ba. "Abin da kika ji, cire ɗaya. Sai fa in iskar kudu ce ke kaɗawa, ranar dutsen ba ya amsawa, kada ki cire komai." Na yi shekara biyar ina ƙirga ban taɓa kuskure ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

A 1941 masu mamaya suka ƙwace Gwaggo a tashar Split. Labarin abin da suka yi mata a baki muka ji. Sun shafe ta da fenti ruwan toka, sun kankare sunanta sun rubuta lamba a wurin. Benci-bencin gaba, inda mata ke zama, an tumɓuke su an kafa igwa. Ɗakin cin abinci na fasinja, mai labule da madubi, ya koma rumbun harsashi. Kyaftin ɗinmu suka sallame shi, suka kawo hafsansu da ma'aikatansu, kai kaɗai suka riƙe, domin babu mai sanin duwatsun da ke kwance a ƙarƙashin ruwanmu kamar kai. Ba a tambaye ka ko kana so ba. Shekara ɗaya da rabi ba mu ji muryarta ba. Babu wasiƙa, babu fulawa, babu kananzir. Kullum na buɗe gidan waya in share, in zauna ina kallon akwatunan da babu komai a ciki.

Sai safiyar ashirin ga Oktoba, 1942. Ina shanya tsummokin goge-goge a bakin ƙofa, na ji ta. Barba, ko cikin jirage ɗari zan gane muryar nan, da ɗan dusashewar da take yi a farko kamar tsohuwa na gyaran murya. Na ƙirga. Uku na ji. Wannan kam ba na shakka a kansa, ko a gaban Allah zan maimaita. Uku na ji, na cire ɗaya, na ruga na kama ƙararrawa ina kaɗawa kamar mahaukaciya, ina ihu Gwaggo ta dawo. Ban tsaya na duba iska ba. Abin da babana ya ce in fara yi kafin komai, ban yi shi ba. Ban ɗaga kai na kalli tutar da ke kan rufi ba, ban jiƙa yatsa ba. Murna ce ta ɗebe ni, domin ƙanena yana ƙetare, wata goma sha takwas ban san ko yana raye ba.

Kwalekwale bakwai suka fita. Jerko shi ne na farko. Har ya sauka matakala ya dawo da gudu don ya manta jakar wasiƙu, ya fizge ta daga hannuna yana dariya, ya ce in ɗora ruwa, yau ko da sata sai ya samo mini kofi. Na tsaya ina kallonsu har suka sha kwanar Hancin. Muka jira da mata a bakin ruwa har rana ta take. Da la'asar kwalekwalen suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, ruwa ne ke turo su, babu kowa a ciki.

Ashe sojoji ne a kwance a ɓoye a kan dandamalin jirgin. Maza suke tarawa daga tsibirai don kai su sansanin tsarewa, kuma sun ga ya fi sauƙi mazan su kawo kansu da a bi su cikin duwatsu. Goma sha tara aka tafi da su, goma sha uku suka dawo. Jerko ya mutu can a watan Janairu, zazzaɓi da yunwa. Kabarinsa ban san inda yake ba.

To ga abin da ya tsaya mini. In ranar babu iskar kudu, dutsen ya amsa, biyu ka busa kamar yadda hafsan ya so, ka kira su zuwa ga bindiga, ni kuma na ƙirga daidai. In kuwa iskar kudu ce, uku ka busa. Ka yi ƙarya ta gawa a gaban hafsan da bai san al'adarmu ba, don maza su hau tudu su ga jirgi ruwan toka cike da sojoji su shige kogunan dutse. In haka ne, ka yi dabarar da za ta ceci kowa, ni na cire ɗaya na kashe mutum shida.

Kada ka ce ban bincika ba. Na bincika, a kaikaice, kamar mai hirar banza. Na tambayi mutane yanayin garin ranar. Tsohuwa Mande ta rantse iskar kudu ce, domin gwiwarta ta kwana tana ciwo kuma wankinta bai bushe ba. Masunta suka ce teku kwance yake lumus, in ba haka ba da kwalekwalen ba su dawo gaɓa a hankali ba. Fada Šime yana rubuta yanayin kowace rana a littafinsa, na nemi ya ara mini, na buɗe ashirin ga wata na tarar bai rubuta komai ba sai sunaye goma sha tara. Ni kaina tsummokin da na shanya, wani lokaci ina tuna su suna kaɗawa zuwa wajen coci, wani lokaci ina tuna su a rataye shiru. Na juya hoton nan a kaina har ya lalace, yanzu duk yadda na so shi haka yake zuwa mini.

Waɗanda suka dawo ma ba su taimaka ba. Yawancinsu sun ce sun hango ka a ɗakin tuƙi, ba ka ce uffan ba, ba ka ko kalle su ba. Roko kaɗai ya ce da ana hawo da su ya ji ka daka tsawa, "Jakunan banza, ba ku iya ƙirga ba ne?" Amma Roko shi ne mutumin da ya ce ya taɓa kama kifin da ya haɗiye agogon bango yana nan yana bugawa. Mutane suka yi dariya, ya maimaita sau biyu ko uku a shagon giya, daga baya shi ma ya ce wataƙila mafarki ya yi. Ni ban yi dariya ba.

Bayan yaƙi, a damina ta 1945, kwamitin gari ya kira ka a ɗakin matsar zaitun. Gari duka ya zo. Mu zawarawa shida aka sa mu a benci na gaba cikin baƙaƙen kaya. Shugaban kwamitin ya tambaye ka nawa ka busa. Na buɗe baki, Allah shaida ne na buɗe, zan ce ni uku na ji. Ka ɗago kai ka dubi bencinmu. Ko ni ka duba, ko mu duka shida, ban sani ba. Sai ka ce, "Biyu. An ɗora mini bindiga a ƙeya, na busa biyu." Na rufe bakina. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, sanyin wanda aka sauke wa kaya, kuma ina jin kunyar faɗin wannan fiye da duk abin da ke cikin takardar nan. Ba wanda ya juyo ya tambaye ni komai. Wa zai tambayi Perina, wadda ba ta taɓa kuskure ba, wadda kuma mijinta ke cikin matattu?

Ba a ɗaure ka ba, saboda zancen bindigar. Abin da aka yi maka ya fi ɗauri tsawo. Aka daina ce maka Barba, aka koma Busa Biyu. In ka shiga shago hira ta mutu. A coci bencinka ya zama naka kai da matarka da Vinka, ko ranar Ista da mutane ke tsaye a waje. Matarka ta rasu a 1951, mutum takwas suka hau tudu. Vinka, yarinya mai kyau da hankali, ba wanda ya zo neman aurenta, sai da ta bar tsibirin. 'Ya'yanta in sun zo hutu, yaran da ba su ma san me aka busa ba sukan bi su suna tuu-tuu. Duk a idona aka yi. Ban tofar da yawu a ƙofarku ba, gaskiyar Vinka. Hanya nake sakewa don kada in bi ta ƙofar.

Gwaggo ma ta sha nata. A 1944 jiragen sama suka nutsar da ita a wani lungun ruwa mara zurfi, ta yi shekara huɗu bututunta kaɗai ke waje, tsuntsaye na sauka a kai. Aka ɗago ta, aka gyara, aka mayar mata da farin fenti da sunanta, aka sake kiranka ka kama sitiyari. Jirgin dai mutane sun yafe masa nan da nan. Ranar da ya fara dawowa har furanni aka jefa masa. Wai ƙarfe ne, ba shi da laifi, tilasta shi aka yi. Kai da aka tilasta tare da shi, sai a shiga a juya wa ɗakin tuƙi baya. Farantin ƙarfen da aka ɗaure igwa a kai bai ciru ba, aka ɗora benci a kansa, mata suka yi shekara guda suna ƙin zama a wurin, sannan rana ta yi daɗi wata safiya suka zauna. Na ci gaba da ƙirga maka busa har 1956 da aka gina gaɓa. Kullum sai na duba iska sau uku. A 1964 aka kai ta aka yanka ta gunduwa-gunduwa, kai kuma ka dawo gida ka kama sana'ar su da ɗan kwalekwalenka.

Daga nan ne kifin ya fara. Duk Juma'a da safe in na buɗe ƙofa sai in tarar da kifi biyu ko uku a naɗe cikin ganyen ɓaure a kan dakalina. Shekara goma sha huɗu. Na ɗauka duk zawarawan kake kai wa, ka ga da na gane, mai laifi ne ke neman gafara. Na tambaya a hankali, ashe ni kaɗai ce. To don me? Don Jerko abokin wasanka ne? Don ka san ba ni da mai yi mini su? Ko don kana so in san ka san abin da na yi kuma ba ka riƙe ni ba? Ko kuwa tuni kake yi mini, duk mako, don kada in manta? Wata Juma'ar in soya in ci ina kuka, wata in ba kyanwa don haushi. Ban taɓa ce maka na gode ba. In mun haɗu a hanya ka ce, "Perina." In ce, "Barba." Iyakar hirarmu ke nan shekara talatin da uku.

Watan jiya na ji an kwantar da kai. Na ce wa maƙwabta likitan ido zan gani, na shiga jirgi. Na same ka ka rame, hannuwan nan da suka riƙe Gwaggo sun koma kamar busassun rassan inabi. Ka gan ni ka ce ashe gidan waya yanzu har kai mutane yake yi gida-gida. Na zauna na yi zancen zaitun, na yi zancen rufin coci da ke yoyo, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokaci ya kusa. Sannan na tambaya.

"Barba, nawa ka busa?"

"Ke nawa kika ji?"

"Uku."

Sai ka ce, "Perina, tsibirin nan ƙarami ne. Mutum ɗaya ya ishe shi tsana."

Na ce wannan ba amsa ba ce. Ka ce ita ce kake da ita. Na ce ka dubi Allah ka gaya mini, na tsufa, ina so in sani kafin in mutu. Ka ce hannunka yana rawa ranar, igiyar jiniya tana da santsi, bindiga tana da sanyi, kuma kai ma ka daɗe kana ƙirgawa. Kana faɗa kana murmushin nan naka na lemon da fasinja ya manta. Na fito ban san ko gaskiya ka faɗa mini ba, ko kuwa ƙarya ta ƙarshe ka yi mini don alheri. Na tsaya a bakin titi ina jin haushinka kamar in koma in shaƙe ka, ina kuma jin kamar in koma in sumbaci hannunka. Ban koma ba, jirgi na jira.

Ranar Alhamis aka kawo ka a sabon jirgi. Maza biyar suka hau tudu, biyu daga cikinsu jikokinka ne da ba su taɓa riƙe diga ba. Tun da safe na aika wa kyaftin ɗin saƙo, na roƙe shi ya tsaya a bayan Hancin Kaka ya busa uku kamar yadda ake yi da. Mutumin kirki ne, ya yi. Ban ɓoye ba, girmama ka na so a yi, amma gwaji ma na so in yi, domin iskar kudu ce ranar, sosai, har tana ɗaga ɗankwali. Na tsaya a saman matakala daidai inda na tsaya a 1942. Huɗu na ji. Maƙwabciyata Luce da ke gefena ta ce uku ta ji, ba ƙari. Na ce huɗu, ta ce uku, ta ce kunnena ya daɗe yana ƙara mini abin da ba a faɗa ba. To in huɗu ce, dutsen yana amsawa ko da iskar kudu, abin da babana ya koya mini ba daidai ba ne, kuma duk binciken iskar da na yi shekara talatin da shida aikin banza ne. In uku ce, kunnena ba abin dogara ba ne, kuma wa ya san tun yaushe? Akwatin gawarka yana wucewa, mu tsofaffi biyu muna gardamar lissafi.

Saboda haka ba zan iya rubuta cewa ba ka da laifi ba, Barba, domin ban sani ba. Abin da na sani shi zan rubuta, da sunana a ƙasa, a karanta a Kaprina, a karanta a duk inda takardar nan ta je. Ranar ashirin ga Oktoba, 1942, uku na ji. Ban duba iska ba. Ni na kaɗa ƙararrawar da ta fitar da mazanku, ba Lovre Matulina ba. A ɗakin matsar zaitun ina da maganar da in na faɗe ta, da ba a yanke masa hukunci da bakin mutum ɗaya ba, na haɗiye ta don tsoro. Shi dai an tambaye shi, ya amsa, ya ɗauka har ya mutu. Ni ba a tambaye ni ba, na yi shiru na karɓi ta'aziyya. Iyalan mutum shidan nan, ku da kuka gaishe ni da girmamawa duk shekarun nan, gidana kun san shi, na uku daga gidan waya, kuma ba na kulle ƙofa da rana. Duk abin da kuka kai ƙofarsa, rabinsa aƙalla nawa ne.

Vinka, kin roƙe ni yabo, ga abin da na kawo miki. Ba na neman ki yafe mini yanzu, ko nan gaba in ba ki iya ba. Aurenki da aka hana a garinku, da bencin coci, da jana'izar mahaifiyarki, ina cikin waɗanda suka jawo su. Ina yi miki ta'aziyya, ke da mijinki Frane da 'ya'yanki, da 'yar'uwar marigayi Teta Dinka da ke kwance ba ta samu zuwa ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa sunan gidanku ya huta daga yau.

Kai kuma, Barba Lovre, Allah ya ba ka hutun da ba mu ba ka ba. Ya saka maka maganin tsofaffi, da lemon uwata, da kifin da ban gode ba. In biyu ka busa, Allah ya dubi bindigar da ke ƙeyarka ya gafarta maka, ni ma na yafe maka jinin Jerko. In uku ka busa, ka roƙa mini gafara a inda kake, wurinka da wurin mutum shidan nan, domin ba ni da fuskar da zan roƙa da kaina. Allah da ya ji abin da aka busa a safiyar nan ba tare da dutse ya ƙara masa ko iska ta rage masa ba, ya yi mana rahama mu biyun. Amin.

Perina Skorin
Kaprina, 23 ga Nuwamba, 1978